Ƙibar yaranmu tun daga ciki take farawa

'Yan uwana mazauna Makka da Jidda, akwai maganar da muke yi wa mai juna biyu wadda nake roƙon mu daina: "Ki ci, ai ku biyu ne." Na san da ƙauna ake faɗinta, daga bakin uwa ko uwar miji ko maƙwabciyar da ta aiko da kwano. Amma na biyun nan da ake magana, a wata ukun farko bai wuce tsawon yatsa ba, kuma a lokacin mace ba ta bukatar ƙarin abinci a kan wanda ta saba. Daga wata na huɗu ƙarin da likitoci suka ƙayyade kalori 340 ne a rana, a watannin ƙarshe 450. Kofin laban ke nan da ayaba ɗaya da 'yar gyaɗa cikin tafin hannu. Mu kuwa faranti na biyu na shinkafar bukhari muke turo mata.

Ku dubi yadda yinin mai ciki yake a gidajenmu. Zafi ya hana fita, tana ɗaki cikin sanyin na'ura tun safe, barci har azahar. Tafiyarta daga gado zuwa kicin ce. Bayan isha'i maigida ya shigo da leda biyu, ɗaya soyayyar kaza da dankali, ɗaya kunafa, ga katan ɗin asir, wato lemon kwali, a kafaɗa saboda "tana kwaɗayin mai sanyi". Ƙarfe ɗaya na dare ake zama ci. Da safe tamis da shayi mai sukari cokali uku. In azumi ya zo kuma jug ɗin Vimto ba ya yankewa a firij. Iyayenmu a gida ma sun ci tuwo sun ƙoshi, amma na dawa ne da gero, kuma su suka surfa, suka daka, suka ɗebo ruwa da cikin a gaba. Mun riƙe yawan cin, mun bar wahalar da ke ƙona shi, sannan muka ɗora sukarin da ba su taɓa sha ba.

Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da sukari wajen gram 35, kusan cokalin shayi 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce gram 50 a yini, in ma zai iya ya tsaya a 25. Ba banza ba gwamnatin Saudiyya ta ɗora wa lemon gwangwani harajin kashi 50 cikin ɗari a 2017, ta faɗaɗa shi zuwa sauran abin sha mai zaƙi a 2019.

Abin da ke faruwa a cikin mahaifa shi ne ya fi tayar mini da hankali. Sukarin jinin uwa yana ratsa mabiyiya ya isa ga jariri kai tsaye, amma insulin ɗinta, sinadarin da jiki ke fitarwa don daidaita sukarin jini, ba ya ratsawa. Dole jikin jaririn ya ƙera nasa insulin da yawa don ya iya da sukarin da ke ta kwararo masa, shi kuma insulin aikinsa tara kitse. Wani likita ɗan ƙasar Denmark, Pedersen, ya bayyana haka tun shekarun 1950. A 2008 aka fitar da wani babban bincike mai suna HAPO a kan mata sama da 23,000 a ƙasashe 9, aka ga cewa gwargwadon hawan sukarin uwa gwargwadon nauyin jariri, ko da sukarin bai kai a kira shi ciwo ba. Da aka sake bibiyar yaran bayan sun haura shekara goma, cikin waɗanda iyayensu suka yi ciwon sukarin ciki kusan 19 cikin ɗari na da ƙiba mai yawa, sauran kuwa wajen 10 cikin ɗari.

Wani zai ce gado ne. Gado yana da hannu, babu musu. Amma a ƙabilar Pima ta Amurka an kwatanta yara uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka haifa kafin uwar ta kamu da ciwon sukari da wanda aka haifa bayan ta kamu, sai aka ga na bayan ya fi ƙiba, ya fi saurin kamuwa da ciwon. Jini ɗaya, gida ɗaya, bambancin kawai abin da ya iske a ciki.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na je barka na ji ana alfahari da kilo. "Tubarkalla, huɗu da rabi!" Ana ta juya yaro ana yaba kumatu, uwar tana kwance da ɗinkin aiki ba ta iya ko miƙewa. Jaririn da ya haura kilo 4 kafaɗarsa na iya maƙalewa wajen fita, sukarinsa na iya faɗuwa bayan an yanke cibiya, tunda jikinsa ya saba fitar da insulin mai yawa. A yi masa addu'a, a gode wa Allah, amma a tambaya ko an auna sukarin uwar.

Kada wata ta karanta wannan ta ce za ta ƙuntata wa cikinta. Yunwa ma hanyar ƙiba ce. A lokacin sanyin 1944 zuwa 1945, ana ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, an yi matsananciyar yunwa a yammacin ƙasar Holand. A 1976 aka fitar da wani bincike a kan samari wajen 300,000 da aka duba suna da shekara 19, aka tarar waɗanda yunwar ta riska a farkon zamansu a ciki sun fi sauran ƙiba. Jikin da aka gina cikin rashi yana koyon ɓoye duk abin da ya samu. Duk lokacin da na tuna wannan sai 'yan uwanmu na Sudan su faɗo mini, matan da ke goyon ciki cikin gudun hijira tun da yaƙi ya ɓarke a 2023. Allah Ya kawo musu ɗauki.

Ma'aunin da likitoci ke bi a sarari yake. Mai matsakaicin jiki ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a duk tsawon cikin, mai ɗan jiki 7 zuwa 11.5, mai ƙiba sosai 5 zuwa 9. Abincin ma ba na masu kuɗi ba ne. Ful da adas da wake suna cike a bagala, ga ƙwai, ga kifi a Jidda, ga molohiya da kuɓewa, ga kuka da zogale da alhazai ke zuwa mana da su. A rage shinkafar, a ƙara miya da ganye. A ci lemon ɓawo maimakon a sha asir ɗinsa. Dabino abinci ne mai albarka, ƙwaya biyu ko uku sun isa, ba a ajiye kwali a gefen gado ba. In rana ta faɗi a ɗan taka na rabin awa, sai dai in likita ta hana.

Sai gwajin sukari, tsakanin mako na 24 da na 28. Ki je ba ki karya ba, a ɗebi jini, a ba ki ruwan sukari gram 75 ki shanye, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. Ciwon sukarin ciki yawanci ba ya nuna alama, mace tana harkarta yana aikinsa. Na san a cikinmu akwai waɗanda matsalar igama, wato takardar izinin zama, ke hana su zuwa awo har sai naƙuda ta zo, wannan kuwa ba laifinsu ba ne. Mu da Allah Ya rufa wa asiri, kuɗin da muke tarawa na atamfar suna da turaren wuta zai biya wa mace gwajin nan a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, mai zaman kansa har a samu canji.

Maza, ku nake so ku fi kowa ji, domin ku ke cefane. Mai laulayi abin da ta gani a firij shi za ta ci. Ba adalci ba ne ka cika gida da lemo da kayan zaƙi, kana sha a gabanta, sannan ka ce ta kame bakinta saboda ɗanka. Ranar gwajin nan ka ɗauki uzuri a wajen aiki ka kai ta da kanka, ka zauna awa biyun tare da ita, ka ji abin da likita za ta ce da kunnenka.