Gasar hoton ƙananan injinan jirgi a Legas: ƙyalli ake aunawa, ba inji ba

A nan Legas akwai masu sha'awar ƙananan jiragen sama na wasa, waɗanda ake tuƙawa da rimot ko a ɗaura musu zare a riƙa kewayawa da su. Yawancinsu sun koma na batir, amma akwai 'yan tsiraru da suka riƙe tsofaffin injina masu shan mai, kuma su ne suka shirya wata 'yar gasa a tsakaninsu: kowa ya ɗauki hoton injinsa, a wanke, a jera, a zaɓi gwani. Wurin sai wanda ya gani. Rumfa fara, tebura an lulluɓe su da farin yadi, akwatunan gilashi da soso a ƙasa, kowane inji da ɗan katinsa mai ɗauke da sunan kamfani da shekarar ƙira, fitilu masu zobe irin na masu kwalliyar amare, kuloli cike da lemo mai sanyi, ana Turanci ana surkawa da Yarbanci, ga janareta yana ruri a bayan rumfa.

Wani yaro ɗan Arewa mai gyaran janareta a Agege ya kawo hoton wani ƙaramin inji ƙirar Cox .049 mai suna Babe Bee da ya tsinta cikin kayan gwanjo ya tashe shi. Injin yana ɗaure a jikin katako, jikinsa ya yi ruwan ƙasa da mai. Ɗaya daga cikin alƙalan ya yi dariya, ya ce wa "aboki" nan ba garejin kanikawa ba ne, ya je ya wanko shi tukuna. Wanda ya ci gasar shi ma Babe Bee ne, an goge shi har mutum yana ganin fuskarsa a jikin tankin. Da aka juya farfelarsa da yatsa sai ta wuce salalab, babu matsi ko kaɗan. Wannan inji ba zai sake tashi ba sai an sauya masa fistin da silinda, kuma gugar da ta ba shi kyauta ita ce ta kashe shi.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, Cox .049 inji ne mai silinda ɗaya, girman cikinsa cc 0.8, faɗin fistin ɗinsa kusan milimita 10. Kamfanin Leroy Cox na Kalifoniya a Amurka ne ya fito da Babe Bee a 1956, aka yi ta buga shi da miliyoyi, shi ya sa har yau yake faɗowa cikin kayan gwanjo. Fistin ɗin ba shi da ring. Shi da silindar duk ƙarfe ne, an dace su da juna a tsuke ƙwarai, wannan tsukewar ce matsin injin gaba ɗaya. Fuloginsa ba tartsatsi yake yi ba. Wata siririyar waya ce mai filatinam a cikin kan injin, ana jona mata batir mai bolt 1.5 ta yi ja, da zarar injin ya kama sai a cire batir, tururin metanol ya ci gaba da riƙe mata zafinta. Wanda ya jona mata batirin babur ya ƙone ta nan take.

Mansa haɗi ne: metanol ne mafi yawa, nitro, wato sinadarin da ke ƙara wa inji ƙarfi, kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari, sai man shafawa kusan kashi 20, wanda aƙalla rabinsa ya zama man zurma, zurmar nan dai da ke fitowa a bayan gida ba wanda ya shuka. Dalili kuwa, konrod ɗin, wato sandar da fistin ke turawa ta juya farfela, ba da fin aka haɗa shi da fistin ba, kansa dunƙulalle ne yana zaune cikin wani ɗan gurbi a ƙarƙashin fistin, kuma wurin yana ɗaukar zafi ƙwarai. Man zurma ba ya gudu idan zafi ya yi yawa, kauri yake ƙarawa ya bar wani ɗanko mai ruwan ƙasa. To wannan ɗankon ne alƙalin ya kira datti. Duk wanda ya san injin, da ya ga launin nan a gefen kafar hayaƙi ya san an ba shi man da ya dace kuma ya yi aiki. Sifirit ɗin kemis ba ya maye gurbin metanol, kuma metanol guba ne, yana makanta mutum idan ya sha, wutarsa ma ba a ganinta da rana, don haka ba a ajiye shi a gorar lemo.

Masu neman ƙyalli ta hanya huɗu ko biyar suke lalata inji, kuma duk ana ganin alamun a hotunan da aka yaba ɗin. Wani ya kama silinda da filaya don ya kwance ta, ta ɗan lotsa, fistin ya daina wucewa daidai. Wani ya zura sukundireba ta kafar hayaƙi ya murɗa, bakin kafar ya tashi, ya karce fistin daga sama har ƙasa. Wani ya shafa man goge ƙarfe bai kwance injin ba, ƙwayoyin suka shiga ciki, juyi kaɗan suka cinye tsukewar nan. Wani ya jiƙa shi a ruwan soda, alminiyam ɗin ya yi baƙi, ya koma bin sa da samfefa. Launin baƙi na Black Widow, wanda ya fito a 1973, da ruwan zinare na Golden Bee, rini ne a fatar alminiyam ɗin, in ya tafi ya tafi. Baƙin da ke jikin silinda kuma shi ke rage mata tsatsa, wanda ya kankare shi don ta yi fari ya buɗe wa tsatsa ƙofa.

Wanki na gaskiya ba ya buƙatar komai daga cikin wannan. A cire kan fulogin a ajiye gefe, kada a taɓa wayar cikinsa da komai. Idan injin ya daskare, a jiƙa shi kwana guda cikin mansa ko metanol a kwalba mai murfi, a tsane shi ya bushe, sannan a ɗumama shi da na'urar busar da gashi har ɗankon ya saki, a riƙa motsa farfela a hankali ba da ƙarfi ba. Kwancewa da 'yan sifanun kamfanin ake yi, guda biyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta murɗa. Tsohon buroshin haƙori da tsinken sakace sun isa a bi tsakanin haƙarƙarin silinda. A duba ɗan falle mai buɗewa da rufewa da ke bayan injin, wanda mai ke bi ya shiga: a hura, a zuƙa, ya kamata iska ta wuce ta gefe ɗaya kawai. A sauya 'yar robar da ke ɗauko mai a cikin tanki domin takan bushe ta ƙage. A ƙarshe a ɗiga man giya na mota mai otomatik digo uku ko huɗu a juya. Tayarwa kuma: farfela 6x3 ko 5x3, wato mai tsawon inci 6 ko 5, a cika tankin cc 5, a buɗe allurar da ke daidaita shigar mai kusan juyi uku, a ɗiga mai digo biyu a kafar hayaƙi, a jona batir, a kaɗa. Zai fara da gurnani yana fesar da mai, a riƙa rufe allurar kaɗan-kaɗan har ya koma kururuwa, sai a ɗan mayar baya. Irin wannan injin yakan tashi ta baya ma, a duba inda iska ke bugawa kafin a saki jirgi.

Gaskiya ɗaya dai, hoton yaron nan bai yi kyau ba a matsayin hoto, kuma mutanen nan sun iya ɗauka. Ya ɗauka da filashin waya, ya kusanta ƙwarai, hasken ya fashe a kan tanki, allurar mai kaɗai ta fito ras sauran duk dishi-dishi. Ƙaramin abu mai sheƙi ba ya son haske mai kaifi. A ajiye shi kusa da taga, ba inda rana ke dukansa ba, ko a rataya farin ƙyalle tsakaninsa da fitila. A tsayar da farin kwali a ɗaya gefen ya dawo da haske cikin inuwa, a sa siririn baƙin kwali daga can gefe don bakin alminiyam ɗin ya fito da layi. Mai waya ya ja baya kamar santimita 30 zuwa 40 ya ƙara girma ninki biyu, ya taɓa kafar hayaƙi a fuskar wayar don ta tsaya a nan, ya jingine wayar, ya sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa uku. Mai kyamara ya sa f/8 zuwa f/11 da ISO 100 a kan ƙafa uku, in ya wuce f/16 hoton laushi zai fara yi. Farin bango yana ruɗar kyamara ta duhunta injin, toka-toka ya fi, in kuwa fari ne dole a ƙara haske mataki ɗaya. A ajiye tsinken ashana a gefe don mai kallo ya gane ƙanƙantar abin. A sauke fistin ƙasa, a ɗauka ta kusurwa yadda lambar da aka buga a bakin kafar hayaƙi za ta fito: 2 silinda mai hanyar mai ɗaya ce irin ta Babe Bee, 1 mai hanya biyu ce irin ta Black Widow. Hoton da ya nuna wannan lamba ya fi wanda ke nuna fuskar mai ɗauka a jikin tanki amfani. Katin da suke rubutawa ma abin koyi ne, ban ƙi ba.

Amma duk wannan sati guda ya isa a koya wa mutum. Kunnen da zai ji inji ya ce mai ya yi yawa, ko iska na shiga ta bayan tanki, ko konrod ya fara wasa a gurbinsa, ba a sati ake samun sa ba, kuma shi ne ba su ba maki ko ɗaya ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kun san yadda ake sayen tsohon inji a Ƙofar Ruwa ko Fanteka, ba sai na faɗa ba. Wa zai biya kafin a tayar? Da a ce gasar ta ce kowane hoto ya zo da bidiyon daƙiƙa talatin na injin yana gudu, da teburin nan ya juye, kuma ina jin sun san haka.

Abin da ya fi ba da haushi ma, garin nan bai dace da ajiye waɗannan injina ba. Iskar Legas jiƙe take, ga gishirin teku. Metanol yana zuƙar ruwa daga iska, ragowar mai mai nitro da aka bari a ciki yana cin ƙarfe, to ga silinda ta ƙarfe an kankare mata baƙinta an sa a akwatin gilashi a Lekki. Damina ɗaya ta isa fistin ya kama. Dole sai an ƙone man tanki tas, an ɗiga man giya, an ɗaure a leda mai zif tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. A Kano ko Zariya rabin wannan wahala babu ita yawancin shekara. Hasken da suke kashe kuɗi suna haɗawa da fitilu da farin yadi kuwa, hazon hunturu yana ba da shi kyauta tun daga hantsi, ko'ina ka ajiye abu a tsakar gida inuwarsa taushi gare ta.

Kuma ba baƙi ba ne mu a harkar jirgi, ko da ana yi mana kallon masu gadi da tura baro. A 1925 jiragen sojan saman Ingila suka sauka a Kano. Kwalejin koyon tuƙin jirgi da gyaransa tana Zariya tun 1964. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa helikwafta da injin mota da tarkacen ƙarafa har labarinsa ya zaga duniya. Yaran da suka tashi da motar kara da ta gwangwani yanzu jirage suke yankawa da soson kwalin firji, suna ciro 'yan motoci daga matattun rediyo. Abin da ba su da shi injin gaske ne da za su kwance su ga yadda ake shaƙar mai da fitar da hayaƙi a abu mai sassa ƙalilan. Kamfanin Estes da ya sayi Cox a 1996 ya sayar da ragowar kayansa a 2009, amma har yanzu ana samun kan fulogi da gasket da fistin a wajen dillalai a ƙetare. Mu da ke zaune a nan bakin tashar jirgin ruwa, muna wuce kasuwannin Ladipo da Alaba da Owode Onirin kullum, kayan gwanjo ta hannunmu suke bi kafin su hau tirela, mu ya kamata mu riƙa tsinto su muna aikawa gida, ba turare da atamfa kaɗai ba.

Wanda aka aika wa kuma ya kula da ƙura, don ita ce tsatsar Arewa. Injin ba shi da abin tace iska sai 'yar raga a bayan tanki, kuma yashi ƙwaya kaɗan ya isa ya ci tsukewar silinda. Kada a tayar da shi a ƙasa, a ɗaure katakon a kan benci, a yayyafa ruwa a wurin. In jirgi ya faɗi cikin rairayi kada a juya farfela ko sau ɗaya sai an cire kan fulogi an wanke ciki da mai. Allurar da aka saita a Legas za ta ba da mai fiye da kima a wuri mai tudu kamar Jos, inda iska ta fi sauƙi, sai an ɗan ƙara rufe ta. Man zurman kemis yana yi idan tsantsa ne ba a surka shi da komai ba, a tace shi da ƙyalle mai laushi kafin a haɗa, kuma a haɗa kaɗan-kaɗan, kamar rubu'in lita, a kwalba mai murfi ƙam.