Zanen bayan littafi ba shiririta ba ce

Iyaye da yawa sun ɗauka in yaro ɗan shekara 14, 15 ya duƙufa yana zane a bayan littafin makaranta to shiririta ce, wani har bulala yake sha a yaga masa takardun. Wallahi abin nan yana min ciwo, don a shekarun ne hannu yake faɗawa kan sana'a. A saya masa fensir mana, a sa ido kan darasinsa kawai. Ku dubi Jelani Aliyu ɗan Sakkwato, tun yana yaro zanen motoci ya sa a gaba, daga Poli ta Birnin Kebbi ya samu sikolashif zuwa Detroit a Amurka, General Motors suka ɗauke shi, shi ne ya zana Chevrolet Volt ɗin da aka nuna a 2007.