Shirin Ya Mutu, Kawu Na Zaman Makoki

(Kawu da Auta sun tasa talabijin a gaba. Kaka na gefe tana gyangyaɗi.)

KAWU: Tir! Auta, ka ga abin da nake gaya maka? Shirin nan ya mutu, binne shi ne kawai ba a yi ba.

AUTA: Kawu, bara ma haka ka ce.

KAWU: Bara jinya yake yi. Bana ya cika.

AUTA: To in canza tasha?

KAWU: Taɓa rimot ɗin nan ka ga aiki da cikawa. In ban gani da idona ba, ta ina zan san iya lalacewarsa?

KAKA: Wa ya rasu?

AUTA: Ba kowa, Kaka. The Simpsons, shirin katun ɗin nan na Amurka, shi Kawu ke wa makoki.

KAKA: Mutanen nan masu launin ɗorawa? Har yanzu yaron bai girma ba?

AUTA: Tun 1989 shekararsa 10.

KAKA: Kuma iyayen sun zuba ido, ba su nema masa magani ba?

KAWU: Inna, daga zango na 3 zuwa na 8, nan shiri yake shiri. Tambayi duk wanda ya san kallo. Daga nan sai gangara.

AUTA: Yanzu fa sun haura zango 35. Ke nan kusan shekara 30 kana kallon abin da ba ka so?

KAWU: Ba kallo nake ba, sa ido nake. Kai yaro ne, ba ka san yadda ciwon ke shiga ba. Da farko marubutan asali su watse, sababbi su zo. Su kuwa ba mutumin suka sani ba, abin da ya ba mutane dariya suka sani. Sai su ninka shi. Wanda a da ɗan shirme ne da shi, ya koma wawa tuburan. Mai ɗan tsimi ya koma marowacin da ko gaisuwa ba ya amsawa. In dabara ta ƙare, a aurar da saurayi da budurwar da aka shekara biyar ana ja mana rai da su. In ta sake ƙarewa, a haifo jariri.

KAKA: Allah Ya raya.

KAWU: Ba abin addu'a ba ne, Inna! Alamar ajali ce. In kuma babban jarumi ya tattara ya tafi, shi ke nan. Dubi The Office na Amurka: Steve Carell ya fita a zango na 7, a 2011, suka ƙi haƙura, suka ƙara zango biyu.

AUTA: Kuma duka biyun ka kalla, har da maimaici.

KAWU: Ta'aziyya na je. Ai tun 1977 aka fara wannan abin kunya, da aka sa Fonzie na Happy Days ya tsallake kifin shak a kan teku don an rasa labari.

AUTA: Amma sai 1984 aka rufe shirin.

KAKA: Kifin fa, an sallame shi?

AUTA: Kaka, kuɗi ne ke jan zango. Jaruman Friends su shida, a zango biyu na ƙarshe kowannensu dala miliyan 1 yake karɓa a kashi guda.

KAKA: Guda? Maigidana, da ni ce, har bakin kabari sai an biyo ni da kyamara.

KAWU: Shi ya sa nake girmama Mr. Bean. Kashi 15 kacal, ya kama gabansa da mutuncinsa. Sai dai rowar ta yi yawa. Me zai hana ya ƙara ko da 50 ne?

AUTA: Au! In sun daɗe sun lalace, in sun tsaya sun yi rowa?

KAWU: In sun rufe kuma su rufe da hauka. How I Met Your Mother, zango 9 muna jiran uwar yara, a kashin ƙarshe na 2014 aka ce ta mutu.

KAKA: Inna lillahi! Ai ga wadda ta rasu nan, kuka ce mini ba kowa.

AUTA: Ni dai a ganina, Kawu, zangon da kowa ke yabo shi ne wanda ya kalla lokacin yana da gashi a ka. Ni daga na 20 na fara, kuma ya ba ni dariya.

KAWU: Na 20? Inna, kin ji tarbiyyar da aka yi wa jikanki? 'Yan zamani sai an naɗi dariya an saka muku a na'ura kafin ku san inda za ku... hahaha! Kai, dubi Homer, uban yaron nan!

AUTA: Kawu, dariya ka yi.

KAWU: Ni? Na'urarsu ce.

AUTA: Wannan shirin ba a saka masa dariyar na'ura.

KAWU: To Inna ce.

(Kaka na ta sharar minshari.)