Yadda Na Yi Ta Neman Gawata a Ƙarƙashin Bishiyoyin Kelethin

Wasannin intanet na farko-farko, waɗanda dubban mutane ke shiga duniya guda kowa da gwarzon da ya ƙirƙira wa kansa, da yawansu suna nan da ransu. Ultima Online ya fito a 1997, EverQuest a 1999, RuneScape kuma a 2001, kuma har yau babu wanda ya rasa masu buga shi a cikinsu. Masoyansu kan ce da tsohuwar zuma ake magani, ni ma na yarda, sai dai babu wanda ya gaya mini cewa har yanzu ƙudan ba su tashi daga kan zumar ba.

Na fara da Old School RuneScape, wanda kamfanin Jagex na birnin Cambridge a Ingila ya farfaɗo da shi a 2013 daga wani kwafin wasan na 2007, domin an ce shi ya fi sauƙin kai ga baƙo. Na sare itace, na kama jatan lande na ƙone su wajen gashi, na kuma addabi shanun garin Lumbridge har na tara abin sayen sulke. Kowace sana'a a wasan tana ƙarewa a mataki na 99, wanda ke buƙatar maki 13,034,431, kuma wanda ya kai mataki na 92 rabin tafiya kawai ya yi, don haka sulken nan ne kaɗai abin alfaharina na kusa. Ina sanye da shi wani bawan Allah mai fara'a ya tare ni, ya ce zai yi wa bakin sulken ado da zinariya kyauta. Na miƙa masa, ya karɓa, ya ɓace. Na tsaya a wurin cikin ladabi ina ba shi uzuri cewa aikin zinariya ba ya son gaggawa, har wani mai wucewa ya tambaye ni abin da nake jira, ya kuma sanar da ni cewa wannan damfarar ta girmi wasu daga cikin masu wasan.

Daga nan na koma EverQuest, a kan uwar garken Project 1999 da masoya wasan suka kafa a 2009 domin su riƙe shi yadda yake a shekarunsa na farko. A nan babu taswira, babu kibiyar da ke nuna hanya, babu alama a kan wanda ke da aikin ba ka. Ana sakin mutum ne a duniyar Norrath da ɗan makami da guzuri da wata takarda da zai kai wa malamin sana'arsa. Na zaɓi maharbi daga cikin mutanen daji masu tsinin kunne, waɗanda birninsu Kelethin an gina shi a kan dakalai na katako can saman bishiyoyin dajin Greater Faydark, gadoji suna haɗa su, ana hawa da lif, kuma wanda ya tsara birnin bai ga amfanin shinge a yawancin gefunan ba.

Na sami malamin bayan yawo mai tsawo, na tsaya a gabansa da takardata da niyyar gaisuwa, yatsana ya sauka a kan maɓallin yaƙi. Mutumina ya ɗaga ɗan takobinsa ya kai wa malaminsa sara, malamin kuma ya amsa gaisuwar da bugu guda wanda ya raba mu. Tsofaffin 'yan wasa sun ce mini ina cikin babbar zuriya, domin a shekarun farko harafin A ne maɓallin yaƙi, ta yadda duk wanda ya fara rubuta magana bai buɗe akwatin hira ba yakan tsinci kansa yana dukan mai gadin gari.

Mutuwa a wannan wasa tana da ƙa'idarta. Ana tashin mutum a wani wuri daga shi sai jikinsa, kayansa duka suna kan gawarsa a inda ta faɗi, dole ya taka da ƙafa ya je ya kwashe kafin ta ruɓe, kuma idan matakinsa ya ɗan yi nisa har makin da ya tara ake ragewa. Gawar farko ba ta ba ni wahala ba, tana kwance a gaban malamin, wanda ya karɓi takardata kamar babu abin da ya shiga tsakaninmu. Na kwashe kayana, na juya cikin natsuwa irin ta wanda ya gama da fitinar ranar, na taka inda na zaci gada ce, ashe iska ce.

Yanzu kayana suna wani wuri a ƙasan daji mai duhu da hazo, inda kowace bishiya take kama da 'yar'uwarta. Na yi dabarar hawa sama in leƙo daga inda na faɗo, dabarar da ta ƙara wa dajin gawa. Na gwada bin ƙasa, wani ƙwarangwal ya same ni hannu rabbana. Kowace gawa tana ɗauke da sunan mai ita a rubuce, saboda haka duk wanda ya ratsa dajin a daren nan ya karanta tarihina daki-daki ba tare da ya tambaye ni ba.

Yawon ya kai ni bakin Crushbone, sansanin dodannin da ke maƙwabtaka da dajin, na shiga da tunanin wata hanya ce ta komawa birni. A EverQuest dodo ba ya gajiya da bin wanda ya tsokane shi, yakan kuma gayyato 'yan'uwansa su jeru a bayan mai gudu har ƙofar yankin, kuma al'ada ce mai gudun ya yi shela domin kowa ya kauce. Na ga shelar da manyan baƙaƙe cewa jirgi na tafe ƙofa. Da yake ban ga layin dogo ba, sai na tsaya a tsakiyar ƙofar na fara rubuta tambaya cikin girmamawa, ina neman a yi mini bayanin wane jirgi ake nufi. Jirgin da kansa ya riga kowa ba ni amsa.

A wannan hali ne na tuna abin da ya faru da Richard Garriott, mahaliccin Ultima Online, kuma na ji sanyi a raina. A watan Agusta na 1997, lokacin gwajin wasan, ya shiga a matsayin sarki Lord British domin ya yi wa jama'a jawabi, bai kunna kariyar da ke hana sarkin mutuwa ba, wani ɗan wasa ya jefa masa tsafin wuta, sarki ya faɗi matacce a gaban talakawansa. Idan mai duniya ya mutu a bainar jama'a a cikin duniyar da ya gina, to maharbi marar wando ba shi da dalilin ɓoye fuska.

Na yi shela ina neman taimako, kuma a nan ne na ga abin da ya sa waɗannan wasanni suka cancanci a koma musu. Wasannin zamani sukan kama hannun mutum daga farko zuwa ƙarshe, ya gama bai yi wa kowa magana ba; tsofaffin kuwa an gina su ne yadda babu mai iya wadatar da kansa, kuma da yake asara a cikinsu tana da zafi, taimako ma yana da daraja. Wani boka na daji ya yi mini tsafin saurin gudu bai nemi komai ba. Wani mawaƙi kuma, wanda sana'arsa ke da waƙar da ke juya shi ya fuskanci inda gawar mutum take, ya bar farautarsa ya zo. Ya rera, ya juya, muka ruga, muka tarar da gawata babu ko tsinke a kanta. Ya sake rerawa, muka sake tarar da wata, ita ma fayau.

"Ɗan'uwa," ya rubuto, "gawa nawa gare ka a dajin nan?"

"Malam, ban samu sukunin ƙirgawa ba."

Ya yi haƙuri da ni har muka isa ga mai kayan, tana kwance 'yan taku kaɗan daga gindin lif ɗin da na yi ta hawa ina sauka duk daren. Ya koya mini umarnin da ke nuna lambobin wurin da mutum yake tsaye, ya ce in riƙa danna shi ko ina cikin faɗowa, sannan ya ƙi karɓar kuɗin tagullar da na miƙa masa, yana mai cewa kuɗi a wannan wasa suna da nauyi kuma ba ya son a rage masa gudu.

Da na ɗan goge, wani sabon shiga ya yi shelar cewa ya faɗo daga Kelethin, na ga lokacin ramawa kura aniyarta ta fuskar alheri ya zo. Ya ba ni lambobinsa, na ce ya biyo ni kada ya damu, dajin nan a tafin hannuna yake. Lambobin EverQuest suna fara kawo na kudu da arewa ne kafin na gabas da yamma, ni kuwa na karanta su a juye, na ja shi da cikakken ƙarfin gwiwa har tsakiyar dodanni. Da aka tashe mu tare, tsirara, ya rubuto yana tambaya cikin ladabi ko na san wani mawaƙi.