Tsohuwar da na janye ɗana daga gabanta

Jiya da yamma, a wani gidan gaisuwar mutuwa a unguwar Gangare da ke Jos, na aikata abin da ya hana ni barci. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda na daɗe ina jin ana ƙus-ƙus a kanta wai mayya ce, ta miƙa wa ɗana ɗan shekara huɗu dabino, kafin in ankara na fizgo yaron na tura shi bayana. Ba ta nuna fushi ba. Ta mayar da dabinon ta ƙulle a bakin mayafinta, ta ce, "Allah ya raya mana shi, 'yata," sannan ta nemi takalmanta ta fita, alhali ko addu'a ba a shafa ba.

Da dare ya raba sai labarin da kakata, Allah ya jiƙanta, ta sha ba mu ya dawo mini. Tana yarinya ta zauna a wani barikin haƙar kuza kusa da Bukur, a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Turawa, tun daga 1942, suka riƙa ɗebo maza daga larduna daban-daban domin aikin tilas, mutanen da ba su saba da sanyin Jos ba, ga yunwa, ga cunkoso, ga cuta. A barikin akwai wata mata mai tuyar ƙosai, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu suka bi shi, kuma ba ta da dangi a kusa. Da ƙyanda ta shigo tana ɗauke yara, sai wani yaro cikin zafin zazzaɓi ya riƙa kiran sunanta. To, sunan wa zai kira in ba na wadda yake sayen ƙosai a wurinta kullum safiya ba? Nan take aka ce ta kama masa kurwa. Aka jawo ta tsakar bariki, aka tuɓe mata zane a gaban yaran da ta yi jika da su, aka tilasta mata ta tsallake yaron mai zazzaɓi. Ku lura da wannan shari'a, 'yan'uwa: in ya warke, a ce ta sake shi, in ya mutu, a ce ta cinye shi. Ta wace ƙofa mai gaskiya zai fita?

Dokar Turawa ta hana shayar da gwaska, wato dafin da ake ba wanda ake zargi ya sha don a gwada gaskiyarsa, ta kuma mayar da jifan mutum da maita laifi, amma matar da ba ta da mai tsaya mata ba ta san hanyar kotu ba, kuma babu alƙalin da zai tilasta wa mutane sayen ƙosanta. Kaskonta ya yi sanyi. Aka daina ɗiban wuta a murhunta, in ta iso bakin rijiya mata su rufe tulunansu, in ta yi sallama a amsa a ciki-ciki ana tofe-tofe. Kakata ta ce haka ta rayu shekaru, tana tsintar itace tana magana ita kaɗai, wannan ma aka ce ai da kurwoyi take hira. Ranar da ta rasu sai da liman ya yi faɗa kafin a sami mata biyu da za su yi mata wanka. Kakata tana kuka duk lokacin da ta zo nan, domin ita ma tana cikin yaran da suka jefe ta da tsakuwa, kuma ba ta sami damar neman gafararta ba.

Na girma ina jin wannan labari ina Allah wadai da mutanen barikin, ashe halinsu yana kwance a hannuna. Su ma suna da ɗan uzuri, domin ba su da asibiti a kusa, ba su da allurar rigakafi. Mu fa? Yaro yana fama da zazzaɓin cizon sauro ko sikila, maimakon a kai shi a auna jininsa, sai a fara lissafin tsofaffin unguwa. Kuma abin mamaki, ban taɓa jin an kira matar attajiri mayya ba. Kullum sai gwauruwa, sai wadda ba ta haihu ba, sai wadda tsufa ya jajayta mata ido saboda hayaƙin murhu. Ku ji tsoron Allah, iyayena mata da 'yan'uwana! An hane mu da yawan zato, mun haddace ayar tun muna allo, amma da an ce "wance", sai mu gyaɗa kai mu yi shiru, wata ma ta ɗauka ta watsa a WhatsApp. Shin kun san cewa kalmar ba ta tsayawa a kan tsohuwar, har jikokinta mata za ta hana aure, tun da an ce a nono ake sha?

Don Allah, wadda ta san ta taɓa furta wannan kalma a kan wata, ta je ta nemi gafara tun mai ita tana numfashi. Don Allah ku je. Ni dai na sayi dabino ɗazu a kasuwar Terminus, kuma bayan la'asar zan riƙe hannun ɗana mu tafi gidanta, in durƙusa in ce, "Inna, ki yafe mini." Ku taya ni addu'a Allah ya sa ta buɗe mana ƙofa.