Ku bar tseren mita 10,000 yadda yake

Duk lokacin da gasar Olamfik ta hunturu ta zagayo, sai na ji masu cewa tseren zamiya a kan ƙanƙara na mita 10,000 ba shi da daɗin kallo. Wai mutum biyu ne kawai suke ta kewaya fili sau 25, babu gogayya, babu ture-ture, kowa yana kan layinsa. Wasu ma suna ganin gara a riƙa sakin 'yan tseren gaba ɗaya, wanda ya riga isa shi ne gwani. Jama'a, ban yarda ba, kuma maganar tana ci mini rai, domin a duk wasannin ƙanƙara babu wanda nake ƙauna kamar wannan.

Filin mita 400 ne, yana da layin ciki da na waje. Ana sakin mutane bibbiyu, kuma a kowane zagaye dole su yi musayar layi don kada wani ya ci ribar gajeriyar hanya. Wanda ke gefenka ba lallai shi ne abokin karawarka na gaskiya ba. Da agogo kake yi. Mai yiwuwa wanda za ka kayar ya gama nasa tun awa guda da ta wuce, ya cire takalmansa, yana zaune a gefe yana kallonka, ba shi da abin yi sai jira.

Wanda ya ga abin da ya faru a Bejin a 2022 ya san nufina. A tseren mita 5,000, Patrick Roest na Holan ya riga ya ajiye lokaci mai kyau, minti 6 da daƙiƙa 9.31. Nils van der Poel na Suwidin yana cikin biyun ƙarshe da za su shiga. Saura zagaye uku, yana bayan lokacin Roest da kusan daƙiƙa biyu. A wannan wasa daƙiƙa biyu tafiya ce mai nisa, na riga na cire rai. Sai lambobin allon da ke nuna tazarar lokacin da ke tsakaninsu suka fara sauka, zagaye bayan zagaye, har ya tsallake layin ƙarshe da minti 6 da daƙiƙa 8.84. Roest bai yi kuskuren komai ba, yana ji yana gani zinariyar ta suɓuce masa. Wallahi ban zauna ba a waɗannan zagayen uku. Bayan 'yan kwanaki Van der Poel ya shiga mita 10,000 ya kafa sabon tarihin duniya, minti 12 da daƙiƙa 30.74. Ku raba wannan gida 25, kowane zagaye ya kama daƙiƙa 30 da ɗan ɗoriya. Wato gudun kusan kilomita 48 a awa, a sunkuye, hannu a baya, cinyoyi suna ƙuna, kuma ba a yarda ka sassauta ko sau ɗaya ba.

Daɗin tseren yana cikin waɗannan lambobin. Idan ka ga 30.1, sai 30.0, sai 30.2, ka san mutumin ya san jikinsa. Idan ka ga wanda ya fara da zafi ya koma 31, daga nan 32, to ƙarfinsa ya ƙare tun da sauran tafiya, kuma ba shi da wurin ɓuya. Babu bayan da zai laɓe a tare masa iska. Kocinsa na tsaye a gefen ƙanƙara riƙe da ɗan allo yana nuna masa lokacin zagayen da ya wuce, iyakar taimakon ke nan.

Ko wannan taimakon ma yana iya zama masifa. A Bankuba ta Kanada a 2010, Sven Kramer na Holan ya fi kowa gudu a mita 10,000, ya riga na biyu da kusan daƙiƙa huɗu. Amma a tsakiyar tseren kocinsa, Gerard Kemkers, ya nuna masa layin ciki alhali na waje ya kamata ya bi. Ya bi maganar koci, aka soke sakamakonsa, zinariya ta tafi hannun Lee Seung-hoon na Koriya ta Kudu. Kramer ya ci mita 5,000 sau uku a jere, 2010 da 2014 da 2018, amma ta 10,000 ɗin nan bai taɓa samu ba har ya yi ritaya. Har yau ina jin zafin abin. Duk da haka ban ga laifin dokar ba. Wanda ya bi layin da ba nasa ba bai yi tseren da sauran suka yi ba, ko shi wane ne.

Masu son a saki kowa lokaci guda ai an riga an ba su nasu. Tun 2018 a Pyeongchang aka shigar da tseren taron dangi mai zagaye 16, kuma shi wannan Lee ɗin ne ya fara cin na maza. Akwai kuma tseren ƙaramin fili mai mita 111, wanda ke cikin Olamfik tun 1992. Ina kallonsu, suna da nasu armashin. Sai dai wasa ne na dabara da sa'a, za ka iya laɓewa bayan mutane har zagayen ƙarshe sannan ka fito. A 2002 a Salt Lake City, Steven Bradbury na Ostireliya yana can baya a wasan ƙarshe na mita 1,000, sauran huɗun suka faɗi a kwanar ƙarshe, ya wuce ya ɗauki zinariya. Ba na raina shi, mutum ne da ya sha munanan raunuka a wasan bai daina ba. Amma irin wannan ba ya faruwa a mita 10,000. Faɗuwar wani ba ta rage maka daƙiƙa ko ɗaya. An ma taɓa gwada haɗa kowa a babban fili a Lake Placid a 1932, Amurkawa suka kwashe zinariya huɗun duka, fitaccen ɗan Finlan Clas Thunberg ya ƙi zuwa, kuma a 1936 aka koma bibbiyu.

Ba ƙin sauyi nake yi ba. Takalmin nan da wuƙarsa, wato ƙarfen ƙasansa da ake zamiya a kai, ke rabuwa da dunduniya ta sake komawa, wanda masana suka ƙirƙiro a Amsterdam, ya sa tarihi ya yi ta karyewa a Nagano a 1998, kuma alheri ne. Rufe filaye da aka yi ya hana iska da rana su fifita wani a kan wani. Waɗannan duk sun ƙara wa awon gaskiya. Abin da nake tsoro shi ne a gajarta wasan ko a cusa masa hayaniya don kawai masu talabijin suna ganin 'yan kallo ba za su iya zaman minti 13 ba.

Roƙona ga masu sharhi shi ne su koya wa mutane karanta allon. A nuna lokacin kowane zagaye ƙarara, a jera shi da na wanda ke kan gaba, a bayyana me ya sa rabin daƙiƙa a zagaye na 18 ke nufin ƙafa ta fara nauyi. A 1980 Eric Heiden na Amurka ya ci duka tsere biyar na maza, daga mita 500 har 10,000, kuma a na ƙarshen ya karya tarihin duniya da sama da daƙiƙa shida. Da a cikin cunkoso ya yi, da ba a san da waɗannan daƙiƙa shidan ba, sai dai a ce ya riga na biyu isa.