Kofi ɗaya, wane kofi?

To, kowa ya ga bidiyon. Mutum ya hau bayan mota da lasifika, ya ɗaga jarka, wai mai ciwon suga ya zubar da ƙwayoyin asibiti, ya sha kofi ɗaya safe da yamma, sati biyu an gama. Ana ta turawa a WhatsApp haɗe da "Allah Ya saka da alheri". Madalla. Likitoci sai su tattara su koma gona.

Kofi ɗaya, wane kofi? Na shayi ko moɗar randa? Saiwa ce ko sassaƙe? An ciro da damina ko da rani? Minti nawa ta yi a wuta? Duk waɗannan suna sauya ƙarfin magani, shi ya sa jarkar yau ba ita ce ta gobe ba ko da hannu ɗaya ya haɗa. Ƙwayar suga ta asibiti, metformin mai 500, kuwa 500 ce a Kano, 500 ce a Maraɗi. Rigimar ke nan: awo.

Idan ka ajiye ƙwayarka, suga ba ya sallama. Yana hawa shiru, sai ƙishirwa da yawan fitsari da rama, a ciki kuma yana cin ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa. Wanda rayuwarsa ta dogara da allurar insulin, kwana ɗaya zuwa biyu ba allura sun isa su kai shi doguwar suma. Idan kuma ka haɗa biyun, misali jiƙon garahuni a kan ƙwayar suga ta glibenclamide, suga na iya faɗowa ƙasa da 70 a na'urar gwaji: gumi, karkarwa, jiri, surutai. A nan a dama sukari cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa a ba mara lafiyar, a jira minti 15 a sake gwadawa. In ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai, zai shaƙe. Asibiti kai tsaye.

Na san me za a rubuto a ƙasa. "Ai kakanninmu da itace suka rayu." Sun rayu, amma ba su daka dexamethasone, ƙwayar asibiti mai rage kumburi, sun zuba a jiƙo ba. Yau akwai masu yin haka: ciwon gaɓɓai ya lafa a kwana biyu, kumatu su ciko, a ce magani ya karɓe shi, alhali suga da hawan jini ne ke tashi. Kuma wanda ya daɗe a kai, yankewa lokaci guda ma haɗari ne, sai likita ya rage masa sannu a hankali.

"Ai maganin Bature ma daga itace yake." Ƙwarai. Maganin zazzaɓin cizon sauro na artemisinin daga wani nau'in tazargade aka tace shi, har wadda ta gano shi, Tu Youyou ta ƙasar Sin, ta samu kyautar Nobel a 2015. Niprisan na masu sikila a cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja aka haɗa shi, da masoro da kanumfari a ciki. Amma an auna, an gwada a kan marasa lafiya. Awo dai, awo.

Sai masu "ai da lambar NAFDAC". Duba ƙarshen lambar. In ka ga harafin L, an tantance ne cewa ba guba ba ne, ba a ce yana warkarwa ba.

Tsakani da Allah, ba wanda ya raina masu maganin gargajiya na gado, akwai masu amana da ke cewa wannan ya fi ƙarfina, tafi asibiti. Don Allah in kana shan wani jiƙo, ɗauki kwalbar ka nuna wa likitanka, ka riƙa gwada suga kafin karyawa kana rubutawa.

Wai ma tukuna, waye ya ba masu motocin nan izinin kwatanta basir da maganin maza dalla-dalla a bakin kasuwa, ƙarfe biyun rana, daidai lokacin da yara ke tasowa daga makaranta? Kana tafe da surukinka ka rasa inda za ka sa idonka.